Jagorar Aikin Makiyayin Kan Doki a Babban Gandun Shanu na Arewacin Nebada

Yawancinmu a majigi da talabijin muka fara sanin kaboyi, mutum mai malafa da bindiga a ƙugu wanda kullum cikin sukuwa yake. Na yi shekara biyu da 'yan watanni ina wannan aiki a wani babban gandun shanu da ke gundumar Elko, a arewa maso gabashin jihar Nebada ta Amurka, bayan na kammala karatun kiwon dabbobi, kuma ranakun da na saki wa doki linzami ya yi cikakken gudu ba su kai yawan yatsun hannuna ba. Mutanen wannan yanki ba su cika kiran kansu kaboyi ba. Sunan da suke tinƙaho da shi shi ne bakaru, wanda ya fito daga kalmar Sifaniyanci bakero, wato mai kiwon shanu, domin daga mahayan Meziko da na tsohuwar Kalifoniya suka gaji sana'ar da kayan aikinta da kalmominta masu yawa. Abin da ke biye shi ne yadda aikin yake tafiya daga ranar da mutum ya sauke kayansa a ɗakin kwanan ma'aikata har shekara ta zagayo, bisa tsarin da aka koya mini shi.

Mataki na farko: ka san ƙasar da kalandarta

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne faɗin fili da ƙarancin ciyawa. Nebada ce jihar da ta fi kowace ƙarancin ruwan sama a Amurka, kuma abin da garin Elko ke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 250 ba, kaso mai yawa daga ciki ma dusar ƙanƙara ce. Garin yana kan tudun da ya kai mita 1,500 daga doron teku, duwatsun Rubi da ke kudu maso gabashinsa kuwa sun haura mita 3,400. Iyakar ganinka wani gajeren tsiro ne mai launin toka, dangin tazargade, mai irin ƙamshinsa idan ruwa ya taɓa shi. Shanu ba su damu da shi ba. Ciyawar da ke fitowa tsuburi-tsuburi a tsakaninsa suke bi, shi ya sa saniya guda take buƙatar hekta masu yawa kafin ta ƙoshi, shi ya sa kuma ba a iya wannan kiwo a ƙafa.

Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Nebada mallakar gwamnatin tarayya ne. Mai gandu yana da filayensa na fadama inda yake noman ciyawa, amma yawancin makiyayar da shanunsa ke ci ta gwamnati ce, wadda yake shiga da takardar izini bisa tsarin da ya faro daga dokar kiwo ta Taylor ta 1934, kuma hukumar kula da filayen gwamnati da aka kafa a 1946 ce ke lura da mafi yawansu. Ana biyan kuɗi a kan kowace saniya da ɗanta a kowane wata, kuma farashin ba ya sauka ƙasa da dala 1.35. Abin da ya shafe ka a cikin takardar shi ne kwanan wata: ta faɗi ranar da za a shiga kowane yanki, da yawan shanun, da ranar da za a fita, kuma saniya biyar da ka manta a wani kwari bayan ranar fita suna iya jawo wa maigidanka tara.

Ɗaya kalandar kuwa a cikin cikin saniya take. Tana ɗaukar ciki kimanin kwana 283, saboda haka idan aka saki bijimai cikin garke a watan Yuni, bijimi ɗaya ga shanu wajen 25, haihuwa za ta kama a watan Maris. Daga nan sauran ayyukan suke jeruwa: lalas, wato sa wa maruƙa shaidar wuta, a Mayu da Yuni, kiwon tudu har Satumba, tattarawa da yaye da sayarwa a Oktoba da Nuwamba, sai ciyarwa da hannu a hunturu. Shanun ba masu tozo ba ne. Yawancinsu baƙaƙen Angus ne, ko jajayen Herefod masu farar fuska, ko ruwa-biyun da ke tsakaninsu, kuma ba a tatsar su; abin da gandu ke sayarwa shi ne nauyin maraƙi a ranar da ya hau sikeli.

Mataki na biyu: kayan aiki

Gandu ne ke ba ka dawaki da wurin kwana da abinci, amma sirdi da linzami da igiya da shimfiɗa naka ne. Sirdin yakan kai kilo 18, yana da wani kauri mai kama da turke a kwacciyar gaba wanda ake naɗe igiya a kansa, kuma gara ka sayi tsohon sirdi mai lafiyayyen ƙashi da ka sayi sabo mai araha da zai yi wa doki miki a gadon baya. Takalminka ya zama mai tudun dunduniya da santsin tafi, don kada ƙafa ta zurma cikin likkafa doki ya ja ka a ƙasa. Za ka buƙaci warkin ƙafa na fata wanda ke sauka ƙasa da gwiwa, da malafa mai faɗin baki, da ƙyallen siliki na wuya saboda ƙura da sanyi, da wuƙa mai kaifi, da filaya ta gyaran shinge. Igiyar mutanen wannan yanki doguwa ce, wajen mita 18, kusan ninkin wadda aka saba riƙewa a Teksas, kuma har yanzu akwai dattawan da ke kitsa ta ƙiri da hannunsu.

Idan kai Musulmi ne, ka yi magana da mai dafa abinci tun ranar farko, domin naman alade yana cikin karin kumallon kusan kowace safiya, kuma da kitsensa ake soya ƙwai da dankali. Salla a daji ba ta da wuya: ka yi wa doki dabaibayi, ka yi taimama idan gorarka ta yi ƙasa. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya hana ni ba, in dai na zaɓi lokacin da barin wurina ba zai ɓarar da garke ba.

Mataki na uku: dawakinka da ladabin sahu

Ba doki ɗaya ake ba mutum ba. Shugaban mahaya zai ware maka jerin dawaki shida zuwa takwas, dukkansu fiɗiyayyu, domin ingarma da goɗiya suna kawo rigima cikin taro, kuma muddin kana wurin ba mai hawan ɗayansu sai da izininka, ko da mai gandun ne. A cikin jerin akwai dogon doki mai juriya na zagayen nesa, akwai mai basirar ware saniya daga garke, akwai mai natsuwar jan igiya, sannan ba a rasa matashi ɗaya ko biyu da ake so ka horar. Kai za ka riƙa yi musu takalmin ƙarfe duk bayan mako shida zuwa takwas, domin duwatsun ƙasar suna cinye kofato, kuma wanda bai iya wannan ba zai koya da ciwon baya a makonsa na farko.

Tun da sauran duhu ake koro dawakin su jeru a jikin igiya, fuskarsu waje, bayansu ciki. Shugaba ko mataimakinsa ne kaɗai ke shiga tsakiya da igiyar zarge. Kai naka shi ne ka tsaya da ragama a hannu, ka faɗi sunan dokin da kake so idan an tambaye ka, ka karɓe shi ka fice ba hayaniya. Ka goge bayansa sosai, ka duba kofatansa, ka ɗora sirdi, ka ja majayi kaɗan, ka ja shi ya taka 'yan taku, sannan ka ƙara ɗaurewa. Dokin da aka matse wa majayi lokaci ɗaya da sanyin asuba shi ne ke tutsu, kuma babu abin da ke faranta wa tsofaffin ma'aikata rai kamar ganin sabon shiga a sama kafin gari ya waye. Daga nan sai a kama hanya da sassarfa, wani lokaci kilomita 15 ko fiye kafin a ga saniyar farko. Ka koyi tashi da zama a kan likkafa daidai da takun doki, in ba haka ba kai da shi duka za ku gaji kafin aiki ya fara.

Horon doki a wannan yanki abu ne na shekaru. Ana fara matashi da ragamar hanci ta kitsattsen ƙiri da igiyar gashin doki, ba ƙarfe a baki, daga baya a haɗa masa siririyar ragama da linzami yana sabawa, sai bayan shekaru ya zama cikakken dokin linzami wanda motsin yatsa ya ishe shi. Wanda ya taso yana kallon hawan salla zai ga kamar linzamin nasu mai tsanani ne, domin yana da dogon harshe kamar namu, amma sharaɗinsa shi ne ba a fizgarsa ko kaɗan, kuma a ganina a nan suka fi mu haƙuri.

Ladabin sahu ba a rubuce yake ba, ba kuma wanda zai karanta maka shi. Ba ka wuce gaban shugaba a tafiya. Ba ka gifta ta gaban wani mahayi, ko ka shiga tsakaninsa da shanun da yake tsare. Ta bayansa ake zagayawa. Wanda ya sauka ya buɗe ƙofar shinge, kowa zai tsaya ya jira har ya rufe ya hau, domin dokinsa ba zai tsaya ba idan 'yan uwansa suka tafi. Ba ka taɓa malafar mutum, ba ka yi wa dokinsa ko karensa tsawa. A makona na farko dokina ya ɗauki zafi na bar shi ya sha gaban shugaba, kuma ba wanda ya ce mini uffan. Washegari aka ajiye ni a wutsiyar garke, inda ƙura take, na kwana tara a can kafin wani dattijo ɗan Meziko da ya fi shekara talatin a bakin aikin ya ji tausayina ya gaya mini laifina.

Mataki na huɗu: karanta saniya

Wannan shi ne ainihin sana'ar, kuma a nan ne wanda ya san kiwon Fulani zai sake karatu daga farko. Shanun da muka sani sun san muryar mai su, suna bin sa, kowace tana da suna. Waɗannan kuwa ba su ganin mutum kusa sai sau 'yan kaɗan a shekara, kuma duk ganin da suka yi masa da wuta ko allura ya zo, saboda haka ba kira ake yi musu ba, da matsayin jikin doki ake yi musu magana.

Kowace saniya tana da wani da'irar fili a kewayenta wanda idan ka shiga sai ta motsa, idan ka fita sai ta tsaya ta juyo ta dube ka. Kafaɗarta ce ma'auni: ka matso daga bayan kafaɗa ta yi gaba, ka matso daga gaban kafaɗa ta tsaya ko ta juya. Temple Grandin, masaniyar halayyar dabbobi ta Jami'ar Jihar Kolorado, ta yi bayanin wannan da zane-zane, marigayi Bud Williams kuma ya shekara yana koyar da makiyaya yadda ake aiki da shi, amma dattawan da na tarar sun san shi ba tare da sun ba shi suna ba. Idanun saniya a gefe suke, tana ganin kusan ko'ina ban da bayanta daidai. Idan ka tsaya a saitin wutsiyarta dole ta juyo don ta gan ka, shi ya sa mai kora daga baya yake tafiya yana karkata dama da hagu maimakon ya miƙe. Ka matsa, da ta motsa ka sassauta, domin sassautawar ce ke koya mata cewa ta yi daidai. Ihu da kaɗa igiya ba su ƙara komai sai tashin hankali, kuma saniyar da hankalinta ya tashi takan ɗauki kusan rabin sa'a kafin ta dawo daidai.

A tafiyar garke, ƙwararru biyu suna gefen kai suna saita hanya, wasu suna gefe-gefe suna hana faɗi, sababbi suna baya da guragu da ƙananan maruƙa. Kuskuren na baya shi ne turawa. Idan ka tura, baya ya dunƙule ya hau kan tsakiya, iyaye su rabu da 'ya'yansu, kuma maraƙin da ya rasa uwarsa ba ya neman ta a gaba, wurin da ya sha nono na ƙarshe yake komawa. Ɗaya ya ɓalle, goma su bi shi, kuma doki yakan jigata kafin ya juyo da maraƙin da ya ƙudurta komawa. Don haka kafin a tashi, a bar kowace uwa ta sami ɗanta. A bar garke ya miƙe siriri kamar a burtali. A yi tafiya daidai ƙarfin ƙaramin cikinsu. Idan an isa kuma, kada kowa ya tafi. A tsare su a bakin ruwa har kuka ya lafa, iyaye su fara kiwo, 'ya'ya su kwanta, ko da zai ɗauki sa'a biyu. Na taɓa ganin an yi gaggawar barin garke don a cim ma abincin rana, washegari muka sake tafiyar kilomita goma sha wani abu muna kwaso waɗanda suka koma.

Mataki na biyar: lokacin haihuwa

Manyan shanu a fili suke haihuwa, ana zagaya su safe da yamma. Karsanai masu haihuwar fari, waɗanda shekararsu biyu, su ake kawowa kusa da gida a riƙa duba su duk bayan sa'a biyu, dare da rana, cikin sanyin da yakan sauka ƙasa da sifiri. Alamun kusantowa su ne cikar hantsa, da sakin jijiyoyin gindin wutsiya, da ware kai daga 'yan uwa. Idan jakar ruwa ta fito, haihuwar lafiya ita ce ka ga ƙafafun gaba biyu, tafin kofato yana kallon ƙasa, hanci a bisansu. Idan tafin yana kallon sama, mafi yawanci da baya yake zuwa, kuma wannan ba ya jira. Karsanar da ta yi kamar sa'a guda tana nishi ba ci gaba, ka shigar da ita rumfa, ka wanke hannu da gindinta, ka sa safar hannu da man santsi ka duba. Sarƙar ja ana zarga ta sama da gaɓar kofato a ƙara ɗauri ɗaya a ƙasanta, a ja lokacin da take yunƙuri, a huta lokacin da ta huta, a karkata ƙasa bayan kafaɗu sun fito. Idan ƙarfin mutum biyu bai fito da shi ba, aikin likita ne.

Da ya faɗo, ka share masa hanci, ka soka masa tsinken ciyawa a ciki ya yi atishawa, ka ja da baya uwar ta lashe shi. Dole ya sha dakashi a sa'o'in farko, domin bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina karɓar garkuwar da ke cikinsa. Wanda sanyi ya kama, ka sa yatsa a bakinsa. Idan ka ji sanyi, ka ɗauke shi zuwa ɗaki ko ƙasan kujerar mota ka ɗumama shi kafin ka ba shi komai. Saniyar da ɗanta ya mutu kuwa, ana feɗe fatar mataccen a sa wa maraya ko ɗan tagwaye kamar riga, ta shinshina ta karɓe shi, bayan 'yan kwanaki a cire.

Mataki na shida: lalas

Shaidar wuta ita ce takardar mallaka a ƙasar da shanun gandaye da yawa ke cuɗanya. Kowace shaida tana da rajista a ma'aikatar gona ta jiha, da siffarta da gurbinta a jiki, kuma ba a sayar da shanu ko a fitar da su daga yanki sai jami'in duba shaida ya gani ya sa hannu.

Ana tara garke a fili ko a kusurwar shinge, wasu mahaya su kewaye shi su tsare. Masu igiya su shiga a hankali, ɗaya ya zarge wuyan maraƙi, na biyu ya kama ƙafafun baya, a kawo shi kusa da wuta, masu aikin ƙasa su kayar da shi su mayar da igiyar wuya zuwa ƙafafun gaba, dawakin biyu su riƙe shi a miƙe. Sabon shiga a ƙasa yake farawa, kuma ba ya ɗaukar igiya sai shugaba ya ce ya hau. Cikin minti ɗaya ko biyu za a yi masa lalas, a yanka shaidar kunne, a yi masa allurar rigakafin harbin daji da danginsa a ƙarƙashin fatar wuya don kada a ɓata naman cinya, a fiɗiye namiji, a ƙone tsiron ƙaho idan akwai. Ƙarfen lalas launin toka ake so ya yi. Idan ya yi ja ya yi zafi da yawa. A danna shi daƙiƙa uku zuwa biyar ana ɗan jujjuyawa, a ɗaga a ga tabo mai launin sabon sirdi. Ba a yi wa jiƙaƙƙiyar fata, domin tururi yana dafa wurin shaidar ta dagule. Ƙirga kuma ba da alƙalami ake fara ta ba: guntayen kunne da na fatar maraina ake tarawa a gefe, da yamma a ƙirga a san mata nawa, maza nawa.

Ranar da aka ce ka hau, abin da zai cece ka shi ne iya naɗi. A Teksas da yawa suna ɗaure igiya tam a jikin sirdi, amma a nan naɗe ta ake yi a turken sirdi bayan an kama, don a iya sassauta wa dabba ko a sake ta gaba ɗaya idan abu ya ɓaci. Babban yatsanka ya kalli sama koyaushe, idonka yana kan maraƙi, kada ka sunkuya kallon turke, kada kuma lauje ɗaya na igiyar ya zagaye hannunka. Igiyar da ke gudu tsakanin doki da dabba tana guntule yatsa kamar wuƙa, kuma a kowane taron lalas za ka gaisa da mutum aƙalla ɗaya mai yatsu tara. Ka yi atisaye a kan damin ciyawa kowace yamma har hannunka ya san hanya da kansa. Idan ka jefa ka kuskure, ka naɗe igiyarka a natse ka sake. Wanda ke bin maraƙi da gudu cikin garke shi ake saukarwa.

Mataki na bakwai: kiwon tudu

Daga Yuni zuwa Satumba ana iya ajiye ka a sansani kai kaɗai ko ku biyu, da dawakinka da ɗan ɗakin katako. Aikin kullum shi ne ruwa da gishiri da shinge. Saniya mai shayarwa takan sha fiye da lita 60 a ranar zafi, saboda haka kwamin da bututunsa ya toshe ba ya jiran gobe. Shanu suna son kwanciya a bakin rafi su cinye shi ƙarƙaf, abin da jami'an filaye suka fi sa wa ido ke nan, don haka za ka riƙa kora su tudu da sassafe, ka ajiye dutsen gishiri nesa da ruwa don ya ja su can. Wayar ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, dusar ƙanƙara da namun daji suna tsinka ta kowace shekara, kuma ƙa'idar ƙofa ɗaya ce: yadda ka same ta haka za ka bar ta.

Kana tafe kana duba mai hawaye da farin ido, da mai ɗingishi saboda ruɓewar tsakanin kofato, da maraƙi mai saukakkun kunnuwa da tari. Akwai wani dogon tsiro mai shuɗin fure a kan tudu wanda ke kashe shanu. Wadda ta ci shi tana rawar jiki, kuma kora ta da gudu shi ke ƙarasa ta. Idan hadari ya taso da walƙiya, ka sauka daga tsauni, ka nisanci waya. Gobara kuwa ta zama babbar barazana saboda wata baƙuwar ciyawa da ke bushewa da wuri. A Yulin 2018 wata gobarar daji da aka sa wa suna Martin ta cinye fiye da eka 435,000 a arewacin jihar. Kullum ka bar rubutu a sansani na inda ka nufa, domin waya ba ta kamawa a yawancin kwaruruka.

Mataki na takwas: tattarawa, yaye da sikeli

Da kaka shugaba zai jagoranci sahu zuwa bayan yanki, yana sauke mahaya ɗaya-ɗaya da tazara, kowa ya share rabonsa zuwa wurin haɗuwa. Ka riƙa hangen na damanka da na hagunka, kada ka riga su, kada su bar ka, in ba haka ba shanu su zille ta giɓin. Ka leƙa kowane kwari da kowane kurmi, domin tsofaffin shanu sun iya laɓewa. Sai an maimaita zagaye sau da yawa kafin ƙirga ta cika, kuma na maƙwabta da suka shigo ana ware musu su.

Maruƙa suna da wata shida zuwa takwas a lokacin, nauyinsu tsakanin kilo 230 da 270. Ranar sayarwa ita ce ranar da duk haƙurin shekara yake zama kuɗi, domin maraƙin da aka wahalar yana zubar da nauyi ta kashi da fitsari da gumi, kuma kilo biyar a kan kowane kai cikin maruƙa dubu tan biyar ne. Saboda haka ana tara su da asuba cikin shiru, a ware su daga iyaye, a raba maza da mata, a hau sikeli ba ɓata lokaci, sannan a loda su a manyan motoci masu hawa-hawa, kowace tana ɗaukar wajen tan 22. Matan da za su gaji iyayensu ana ajiye su, sau da yawa da shinge kawai tsakaninsu da iyayen don yayen ya zo da sauƙi, kuma kwana uku ba mai barcin kirki saboda kuka. Daga nan likita zai duba cikin kowace saniya da hannu ko na'ura, a duba haƙora da hantsa da ido. Juya da mai zubabbun haƙora sai kasuwa, domin ba a ciyar da saniyar da ba ta ɗauke da komai har tsawon hunturu.

Mataki na tara: hunturu

Tun bayan hunturun 1889 zuwa 1890, wanda ya hallaka shanu masu ɗimbin yawa a arewacin Nebada, masu gandaye suka daina dogara ga fili kaɗai suka koma tanadin ingirici. Kowace safiya za ka loda shi a kan amalanke, da tarakta ko da manyan dawakin ja, ka zuba shi a dogon layi don raunana ma su samu, kimanin kilo 12 ga kowace saniya, a ƙara idan sanyi ya tsananta. Sai ka ɗauki gatari ka fasa ƙanƙarar mashaya. Yawancin dawaki ana cire musu takalma a sake su su huta, a bar biyu ko uku. Da dare ake gyaran sirdi da kitsa ƙiri, a ƙarshen Janairu kuma wanda ya sami hutu yakan shiga Elko taron waƙoƙin makiyaya da ake yi tun 1985.

Da Fabrairu ya shiga, ka ware karsanan da hantsarsu ta fara cika ka matso da su kusa da rumfa, ka shimfiɗa sabuwar tattaka, ka wanke sarƙar ja ka rataye ta inda hannu zai same ta cikin duhu, ka tanadi dakashin gari da fitila mai sabon batir. Gadin tsakar dare zuwa asuba kan sabon shiga yake faɗawa, saboda haka ka kwanta da wuri da tufafinka a jiki, ka bar doki ɗaya da sirdi a rumfa da majayinsa a sassauce.